Mai biyan bashi da bakin mutane: lamarin wani malamin firamare a ƙasar Argungu

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin makarantar firamare ne a wani gari da ke bakin fadama a ƙasar Argungu, jihar Kebbi. Ya haura shekara 45, matarsa ɗaya, 'ya'yansu bakwai, mahaifiyarsa kuma a gidansa take zaune. Bayan koyarwa yana noma wata gonar shinkafa da ya gada, wadda ba ta kai kadada ɗaya ba. Ba zan ambaci sunansa ko na garin ba. Malam ake ce masa a unguwa, haka ni ma zan riƙa kiransa. Na san lamarin daga kusa, domin ina cikin mutum biyun da suka yi shaida ranar da aka rubuta yarjejeniyarsa da babban mai binsa bashi, kuma da izininsa nake kawo alƙaluman da za su biyo baya.

Masu ba da shawara kan bashi yawanci a lissafi suke tsayawa: rage kashewa, ƙara nema, biya a kan lokaci. Lissafin Malam bai cika shafi biyu na littafin rubutu ba, a dare ɗaya ya gama shi. Abin da ya fi wata 16 yana fama da shi, har ya kusa sa shi watsar da tsarin biyan bashin gaba ɗaya, maganganun mutane ne. Akwai waɗanda ya dace ya toshe musu kunne. Akwai kuma waɗanda da ya saurare su da wuri, da bai jawo ɓacin ran da har yau bai gama hucewa a danginsa ba. Tantance waɗannan daga waɗancan ya fi biyan kuɗin kansa wuya.

Yadda bashin ya taru

Tushen abin ambaliyar 2020 ce. A ƙarshen Agusta da farkon Satumban shekarar ruwa ya shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi, tun daga Argungu da Augie har Birnin Kebbi, Bunza, Suru da Bagudo. Kafin damina Malam ya karɓi taki da iri da maganin feshi a wurin wani dillali, a kan tsarin ba-da-kaka, wato a ba ka kaya yanzu, ka biya da buhunan shanshera in an yi girbi. Buhu 14 aka yanke. Ruwa ya kwanta a gonar, bai ɗauki ko tiya ɗaya ba. A 2021 da 2022 ya biya buhu 6 daga noman rani, saura 8. Dillalin, wanda zan kira Alhaji, bai matsa masa ba a lokacin. Amma duk shekarar da ta zagayo ba a gama biya ba yana ƙara buhu ɗaya a littafinsa, Malam kuwa bai taɓa cewa a nuna masa littafin ba.

A 2022 ya aurar da babbar 'yarsa. Gado, katifa, kujeru, kwanuka, gara, kowane uban amarya ya san nauyin. Ya ci bashi a ƙungiyar kofaretib ta malamai, ana cirewa daga albashi. Bai isa ba, sai ya karɓi N250,000 a hannun mijin yayarsa, mai fataucin busasshen kifi. Ba takarda, ba shaida, ba a sa rana ba. "In ka samu ka kawo," abin da aka ce ke nan.

Daga nan sai fetur. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa sama da N500 cikin 'yan kwanaki, ta haura N600 a watan Yuli. Noman rani a fadamar Kebbi da injin ban ruwa ake yinsa, injin kuma fetur yake sha, ga shinkafa ba ta haƙurin ƙishi. Taki da ma ya riga ya yi tsada tun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Don noman ranin 2024 Malam ya koma wurin Alhaji ya karɓi kayan buhu 12, ya sabunta bashin kofaretib, ya kuma karɓi N120,000 da matarsa ta kwasa a adashi, kuɗin da ta yi niyyar ƙara jarin gumin shinkafar da take yi a gida. Duk da haka fetur bai isa ba. Ya riƙa tsallake ranakun ban ruwa daidai lokacin da shinkafa ke ɗaukar ciki, sakamakon kuwa ya fito a masussuka: buhu 22.

A farkon Yunin 2024 ya zauna ya rubuta komai. Kofaretib N380,000, ana cire N20,000 duk wata daga albashin da bai kai N60,000 ba. Mijin yayarsa N250,000. Matarsa N120,000. Mai kantin unguwa N65,000. Jimla N815,000, ban da buhu 20 na Alhaji. Daga buhu 22 ɗin, masu yanka da casa sun ɗauki 3. Ya fitar da ɗaya zakka, domin abin da aka shayar da inji kashi ɗaya cikin 20 ake fitarwa, kuma a Malikiyya bashi ba ya kayar da zakkar hatsi. Ya ajiye 6 na ci, ya ware 4 na fetur ɗin baɗi, ya ɗora 8 a amalanke zuwa shagon Alhaji.

Shawarar da ya yanke a daren nan gajera ce. Ba zai ƙara cin bashin ko sisi ba. Zai sayar da babur ɗinsa. Ba layya, ba ɗinkin Sallah, ba gudummawar biki, har sai littafin ya zama fari. Zai kuma fara koyar da yara darasi da yamma a zauren gidansa.

Maganar mai haƙƙi

Suka ta farko daga Alhaji ta zo, kuma ita ta fi zafi. Da aka sauke buhunan ya buɗe littafi ya ce saura 15. Malam ya ce 12 ya sani. Ranar kasuwa ce, shagon cike da manoma. Alhaji ya ɗaga murya: "Malam, kai ka koya ma ɗiyan mutane gaskiya, kuma kai ka cin haƙƙin mutane? Shekara huɗu ina haƙuri da kai!" A cikin masu sauraro har da iyayen ɗalibansa.

Malam bai rama ba. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, za mu zauna," ya juya ya tafi. Ya gaya mini daga baya cewa ya fi mako yana kewaye hanyar kasuwa, kuma sau da yawa ya yi tunanin ya jinginar da gonar ya watsa wa Alhaji kayansa a huta. Da ya yi haka da ya rasa abin da zai biya sauran da shi.

Abin da ya yi a maimakon haka shi ne ya je wurin limamin unguwa. Aka kira zama a zauren Liman bayan la'asar, da mu shaidu biyu. Liman bai fara da Alhaji ba, da Malam ya fara. Ya tuna masa mutumin da ya zo yana bin Manzon Allah (SAW) bashi, ya tsananta magana har sahabbai suka yunƙura, Annabi ya ce a ƙyale shi domin mai haƙƙi yana da ta cewa. Ya ce masa zafin maganar Alhaji ba ta rage ko tiya ɗaya daga abin da ake binsa, kuma wanda ya yi shekara huɗu bai je ya ce "ga halin da nake ciki" ba, shi ya buɗe ƙofar a faɗa masa magana. Sannan ya juya ga Alhaji. Ya ce cinikin ba-da-kaka halal ne in an san awo an san lokaci, amma buhu uku da aka ƙara saboda jinkiri riba ce, ba ta da wani suna. Ya karanta masa aya ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Alhaji ya ja, ya ce shi ma bashi ya ɗauko kayan, kuma darajar kuɗi ta faɗi. Liman ya ce ai shi ba kuɗi yake bi ba, buhu yake bi, buhun kuwa ya fi ninki biyun farashinsa na 2020. Nan maganar ta tsaya. Aka rubuta buhu 12, aka sa ranakun biya, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Amfanin takardar nan ya fito bayan shekara guda. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na wani lokaci kan wasu kayan abinci da ake shigowa da su, har da shinkafa, kuma a 2025 farashin shanshera ya sauko sosai alhali taki bai sauko ba. Da lokacin biyan ragowar ya yi, Alhaji ya ce shi kuɗi yake so, a kan farashin bara. Malam bai yi gardama ba, ya ɗauko takarda. Buhu aka rubuta, buhu ya kai.

A ganina wannan ɓangaren Malam ya yi shi daidai. Ya haɗiye zafin maganar, ya ɗauki gaskiyar da ke cikinta, ya ƙi ƙaryar da ke cikinta, kuma bai yi haka shi kaɗai ba, ya nemo wanda su duka biyun ke jin nauyinsa. Aya ta 282 a Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Muna karanta ta, amma a aikace rubuta bashi tsakanin mutanen gari ɗaya ana ɗaukarsa rashin yarda. Da an rubuta tun 2020, da ba a yi abin da aka yi a kasuwa ba.

Wanda bai yi magana ba

A Yulin 2024 ya sayar da babur N400,000. Ya biya mai kanti N65,000, ya sayi keke N45,000, ya kashe N40,000 wajen mayar da injin ban ruwansa mai aiki da gas, kamar yadda manoma da yawa suka yi bayan tashin fetur. Ragowar N250,000 ya sayi buhu 5 a kasuwa ya kai wa Alhaji, alhali ranar da aka sa a takarda ba ta ma yi ba.

N250,000 daidai abin da mijin yayarsa ke binsa ke nan. Malam bai kula da wannan ba. Yayarsa ta kula.

Ta zo a Satumba, ta gaida Inna, ta kira shi ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "Na ji ka sai da babur ka kai ma Alhaji. Don mijina bai tsayawa kasuwa shi zage ka, shi ya sa kuɗɗinai sunka zama na banza? Shekara biyu ko gaisuwar bashin ba ka yi mai ba. Ni aka kallo gidan can, ba kai ba."

Ya ce, "Yaya, ai na ga shi na gida ne."

Ta ce, "Na gida shi aka fara cuta?"

Malam ya fita daga ɗakin da fushi. Ya shaida mini cewa a lokacin ya sa maganarta a layi ɗaya da ta 'yan majalisar hira ta unguwa, wato masu sa ido. Ya riga ya koya wa kansa cewa duk mai magana a kan bashinsa a ƙyale shi, sai ya ƙyale har da wadda ke faɗa masa gaskiya. Wannan shi ne haɗarin da ke cikin shawarar nan ta "kada ka damu da maganar mutane" in aka ɗauke ta dunƙule. Yayarsa ba mai kallo ba ce. Aurenta ne a tsakiya. Kishiyarta na ji, dangin miji na ji, kuma jarin fataucin kifi ba ya son kuɗi su kwanta shekara biyu, balle a lokacin da naira ke zubewa. N250,000 na 2022 ba su ne N250,000 na 2024 ba, mutumin kuma bai nemi a ƙara masa ko kwabo ba.

Abin da ya faru da Malam yana faruwa da masu bashi da yawa: wanda ya fi hayaniya shi ake fara biya. Ba lissafi ya kai N250,000 shagon Alhaji ba, kunyar ranar kasuwa ce ta kai su. Yana so a ce ya biya kafin lokaci. Wato ko a nan, inda yake ganin ya fi ƙarfin bakin mutane, bakin mutanen ne ya raba masa kuɗinsa.

Sai da aka yi mako uku kafin ya hau keke ya je gidan. Bai je da kuɗi masu yawa ba, N10,000 ce a aljihunsa. Ya ba da haƙuri, ya faɗi abin da ake binsa gaba ɗaya ba tare da ɓoye komai ba, ya ce zai riƙa kawo N10,000 duk wata, da ƙari in an yi girbi, ya kuma roƙi a rubuta. Mijin yayar ya ce ba sai an rubuta ba. Malam ya nace, aka rubuta.

Cikin gida

Matar Malam ba ta san jimlar bashin ba sai a watan Agusta. Abin da ta sani shi ne an daina ba ta kuɗin biki, an rage cefane, an sayar da babur, kuɗin adashinta kuma ba a ce uffan a kansu ba, ga shi ita ke ci gaba da zubi duk mako daga ɗan abin da gumi ke kawowa.

Maza da yawa ba su fahimci biki ba, Malam ma haka. A wurinsa gudummawa ce, in babu a bari. A wurin mata kuwa bashi ne mai littafi. Wadda ta kawo miki N2,000 ranar bikin 'yarki, ranar nata ana sa ran ki mayar da abin da ya fi haka, sau da yawa ninki. Matar Malam ta karɓi biki mai yawa a 2022, kuma wani ɓangare na kuɗin a kayan ɗakin ya shiga. Da ya ce ba sauran biki, sai ya zama ya hana ta biyan nata bashin don ya biya nasa. Sau biyu ta ƙi zuwa bikin ƙawayenta ta ce ba ta da lafiya. Na uku aka aiko mata da magana: an ga dai ranar nata lafiyarta ƙalau.

Ranar da abin ya fashe ta ce masa: "Malam, kai maza ka yi ma dariya su tashi. Ni mata ba su mantuwa. Kuma kuɗɗina da ka amsa, ko cikin masu binka ba ka lissafa ni?"

A nan ya yi abin da ya kamata ya yi tun Yuni. Ya ɗauko littafin ya buɗe mata. Sunanta na ciki, a layi na uku. Ta daɗe tana kallon jimlar. Abin da ya biyo baya ya ba shi mamaki, domin ita ta fi shi tsanani daga ranar. Ita ta ce a daina sayen burodin safe a koma kunu da ɗumame. Ita ta lissafa bukukuwan da ke kanta, ta ware waɗanda dole ne da waɗanda za a iya zuwa da hannu a taya aiki. Suka amince da N3,000 duk wata na biki, daga kuɗin darasin yamma. Kuɗin adashinta kuma ta ce kada ya ba ta takardar kuɗi, ya ba ta shanshera in an yi girbi, ta yi gumi ta sayar, ribar ta zama tata.

Sukar matarsa ba ta tsarin ba ce, ta ɓoye mata da aka yi ce. Wanda za a rage wa abinci da sutura saboda bashi yana da haƙƙin ya san nawa ne, kuma yaushe za a gama. Akwai masu ganin nuna wa mace littafin bashi zubar da girma ne. A gidan Malam dai ban ga girman da ya zube ba, kuma ba na jin da tsarin ya kai wata shida in da ba ta shigo ciki ba.

Ta Inna daban ce, kuma ita ta fi taɓa masa zuciya. Babbar Sallar 2024 ta kama ranar 16 ga Yuni, mako biyu bayan ya rubuta littafin. Da ta ga ba rago a turke ta ce: "Wanga gida tun zamanin ubanka ba a taɓa Sallah babu jini ba. Mi kaka so mutane su ce?" Malam yana da amsa. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai iko, biyan bashin da lokacinsa ya yi kuwa wajibi ne, har Annabi (SAW) ya taɓa ƙin sallatar gawar wani mai bashi sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Amma ya san ba a yi wa uwa wa'azi a tsakar gida. Ya ce, "Inna, ki yi mini addu'a," ya yi shiru. Ya roƙi kawunsa, ƙanen Inna, ya zo ya yi mata bayani a matsayin ɗan'uwa. Ya kuma shiga watanda da abokan aikinsa, ya kawo kaso ɗaya, aka soya, yara suka ci, Inna ta samu abin aika wa maƙwabta biyu. Ba ta gamsu ba. Ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwarsa a taƙaice. A Sallar 2025 kuwa, da wata maƙwabciya ta yi tambaya, ita da kanta ta amsa cewa ɗanta haƙƙin mutane yake saukewa.

Majalisa

Wannan ce sukar da ta fi yawa, ita ce kuma mafi ƙarancin nauyi, duk da ba haka ake jinta ba a lokacin. "Malam ya koma keke." "Albashin ina shika zuwa?" Da aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi ta N70,000 a Yulin 2024, tun kafin ko sisi ya shiga aljihunsa aka fara cewa an yi musu ƙari amma rowa ta hana shi sayen shayi. Da damina ta zubar da rufin ɗakin yara ya sayi kwano ya gyara, sai maganar ta juya: ana binsa bashi yana gini. In ya kashe a ce yana cin haƙƙin mutane, in ya riƙe a ce marowaci. Daga nan ya gane cewa ba abin da zai yi da zai rufe wannan bakin, don haka bai kamata ya kashe ko naira ɗaya a kansa ba.

Akwai wani nau'in da ya fi wannan haɗari, domin da sigar tausayi yake zuwa. Wani abokin aikinsa ya riƙa ce masa: "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kai kaɗai ka kashe kanka? Wa ya biya na Anko?" Yana nufin shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Sanannen abu ne cewa da yawa daga waɗanda suka karɓa ba su mayar ba, wasu saboda ambaliya da asara ta gaskiya, wasu kuma saboda sun ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa. Ɓarnar da wannan tunani ya yi ba ta tsaya a kan kuɗin gwamnati ba. Ta sa jinkirin biya ya zama wayo a idon wasu, mai ƙoƙarin biya kuma ya zama wawa. Karin maganar gaskiya ce, ba wanda ya fi ƙarfin cin bashi. Amma don a tausaya wa mai bashi aka yi ta, ba don a hana shi biya ba. Wannan abokin har ya nuna masa manhajar rance a waya, ya ce cikin minti biyar kuɗin rago za su shigo. Malam ya ƙi. Masu irin wannan rance ruwa mai yawa suke ɗorawa, wasunsu kuma in ka yi jinkiri saƙon tozarci suke aika wa duk lambar da ke wayarka.

Da farko Malam ya daina zuwa majalisa. Hakan bai taimaka ba, ya ma ƙara wa maganar gishiri, aka ce ɓuya yake yi. Bayan wata biyu ya koma, da amsa ɗaya da ya riƙe. Duk wanda ya taɓo keke ko rago ko shayi, sai ya ce: "Bashi nika biya. In na ƙare ku ga rago." Ba ya ƙari, ba ya faɗin nawa ne ko wa ke bi, ba ya nuna fushi. Zolaya tana rayuwa ne a kan abin da mutum ke ɓoyewa, shi kuwa ya faɗa da bakinsa. Cikin 'yan makonni abin ya gundure su. Mutum biyu daga cikin masu dariyar sun same shi a keɓe daga baya suna tambayar yadda aka rubuta takardar Alhaji, domin su ma suna cikin littafinsa.

Ba zan ce maganganun ba su yi masa illa ba. Ya rame, barci ya yi masa wuya a watannin farko, kuma akwai lokacin da yake huce fushin waje a kan yaran gida. Abin da ya rage masa nauyi shi ne samun mutum biyu da yake buɗe wa ciki, matarsa da Liman, da kuma ganin jan layi yana ƙaruwa a littafin duk ƙarshen wata.

Inda aka kwana

Noman ranin 2025 ya ba shi buhu 27, gas ya rage masa kuɗin ban ruwa kuma bai tsallake rana ba. Ya kai wa Alhaji buhu 7 na ƙarshe, aka yaga takarda a gaban shaidu. Matarsa ta karɓi shanshera da cikon kuɗi, nata ya fita. Zuwa ƙarshen Oktoban 2025 kofaretib saura N60,000, mijin yayarsa saura N40,000.

Alhaji ya aiko yana cewa in yana son taki na rani mai zuwa ƙofa a buɗe take. Malam ya yi godiya, ya ce zai saya da kuɗi gwargwadon abin da ya samu, ko da zai rage faɗin abin da zai shuka. Tsakaninsa da mijin yayarsa ana gaisawa, ana zuwa jaje da barka, amma yayar ba ta ƙara kwana a gidan ba tun zuwanta na Satumban 2024, ita da a da takan yi mako in ta zo.

Yanzu kuma an kawo kuɗin gaisuwar 'yarsa ta biyu. Dangin saurayin suna so a yi biki kafin azumi. Malam ya aika musu cewa sai bayan girbin rani, lokacin da ba kowa a littafinsa, kuma kayan ɗaki abin da kuɗin hannu suka saya ne. Matarsa ta goyi bayansa, ta fara tara kwanuka da ribar gumi. Gwaggwannin yarinyar sun riga sun fara cewa ba za a kai ta da abin da bai kai na yayarta ba, kuma biyu daga cikinsu sun je sun sami Inna da maganar.